Muryar da Aka Yanka a Bur Dubai

Ranar wata Talata ce cikin watan Fabrairu, da ƙarfe goma da rabi na safe, a hawa na tara na wani bene da ke Bur Dubai. Mu uku ne a ɗakin: ni, da manajan kamfanin, wani dogo mai furfura a gefen kunne da kowa ke kira Mista Sami, sai Bashari, wanda shi ne sanadin zuwana. Kwanana biyu a ƙasar. Tagar ɗakin tana kallon ruwan da ya raba tsohon garin biyu, kuma sanyin na'ura ya yi yawa har ina murza yatsuna a ƙarƙashin tebur.

Mista Sami ya turo mini takarda mai shafi goma sha ɗaya, da biro a kanta. Na ɗauka zan fara daga shafin farko, sai Bashari ya dafa hannuna yana dariya, ya ce da Hausa, "Haba Oga Tukur, labaran duniya za ka karanta mana? Ni na duba maka ita tun makon jiya. Sa hannu mu je mu ci abinci."

Na sa hannu. Ina so in rubuta wannan a sarari tun yanzu, don kada wani ya ɗauka tilasta mini aka yi. Mutumin da ya nemo maka aiki, ya aiko maka da biza, ya je filin jirgi ya saɓa jakarka a kafaɗarsa, da kunya ka zauna a gabansa kana bin takardarsa layi-layi kamar kana tuhumarsa. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma Bashari ya san haka.

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare da shi a wani gidan rediyo a Kano. Ni ina bayan gilashi da makirufo, shi yana gaban na'ura yana haɗa shiri. Kowace safiya, bayan labaran ƙarfe bakwai, nakan karanta farashin kasuwa: buhun masara da gero a Dawanau, turmin atamfa a Kantin Kwari, canjin dala da riyal. Minti goma ne kacal, amma akwai 'yan kasuwar da ba sa buɗe baki su yi ciniki sai sun ji. Na taɓa shiga shago sayen batir, ina cewa "nawa ne" mai shagon ya miƙe tsaye. Ban tara dukiya a aikin ba. Abin da na tara shi ne, idan na faɗi farashi, ba a sake tambayar wani. Da na nemi hutun shekara ɗaya ba albashi, shugaban sashen labarai ya ce kujerata tana nan, da sharaɗin da ke kan kowane mai karanta labarai a tashar: kada a ji muryata a talla, ko da ta sabulu ce.

Jamusanci na koya ne a shekara huɗun da na yi a Jamus ina karatun aikin jarida, kuma ban bari ya mutu ba bayan na dawo. Bashari ya riga ni barin tashar da shekara uku, ya zo Dubai. Shi ya kira ni ya ce kamfaninsu, mai shirya wa mutane cinikin kuɗaɗen ƙasashe da zinare da mai ta waya, yana son buɗe shafi don Jamusawa, kuma ana neman wanda zai juya kalmomin sana'ar daga Turanci zuwa Jamusanci. Na ce masa akwai haifaffun Jamusawa da suka fi ni. Ya ce akwai, amma suna da tsada, kuma an ɗauki wata Bajamushiya da za ta riƙa duba aikina daga can. Na ga maganar da ma'ana.

Masaukin da ya sama mini yana Al Karama, a bayan wani layi na masu sayar da jakunkuna. Falo ne guda aka raba shi uku da katako. Rabona ya ɗauki gado da akwati, kuma idan na buɗe hannuwana ina taɓa bango biyu. A hannun damana wani mutumin Kerala ta Indiya ne mai suna Yusuf, yana aiki a kantin magani. A mako na biyu sanyin na'ura ya kama mini maƙogwaro har muryata ta dishe. Ban gaya wa kowa ba, amma katako ba ya ɓoye tari. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da kofin shayi mai citta da zuma a ƙasa, an rufe shi da faranti. Kwana biyar yana ajiyewa. Da na je yi masa godiya sai ya nuna maƙogwaronsa, ya ce da guntun Turancinsa ya ji ina karatu da ƙarfi da yamma, ya gane da wannan nake cin abinci.

Tsakanin Dubai da Kano awa uku ne. Ƙarfe goma da minti goma a ofis, lokacin da ake fara farashin kasuwa a gida, nakan sa abin saurare a kunne in kamo tashar ta intanet. Wanda ya riƙe mini shirin yana sauri, yana haɗiye ƙarshen lambobi, yana cewa Dawanau kamar bai taɓa taka ta ba. Nakan gyara masa a raina. Idan ya gama sai in cire abin kunnen in gan ni a gaban allo, a tsakiyar mutanen da babu wanda ya damu da nawa ake sayar da gero. Wannan minti goman ya fi komai yi mini nauyi a watan farko, amma ban taɓa fasa saurare ba.

Aikin kansa jerin kalmomi ne, sama da ɗari shida, kowace da bayaninta na layi uku ko huɗu. A ɗakin labarai an cusa mana wata ƙa'ida: kada ka fassara abin da ba ka gane ba, kuma ba ka gane abu ba sai ka iya bayyana shi ga mai sayar da goro a bakin tasha ya gyaɗa kai. Don haka na raba shafin littafin rubutuna gida uku. Turanci a hagu, Jamusanci a dama, a tsakiya kuma Hausa, wadda ba wanda ya nema. Ni na sa wa kaina, don in tabbata na fahimta kafin in haye.

Kalmar da ake kira leverage da Turanci, Jamusawa suna ce mata Hebel, wato ƙarfen da ake cusa wa dutse a ƙasa a ɗaga shi. Wannan ba wuya. Wuyar tana tsakiya, inda sai na faɗa wa kaina da Hausa cewa mai ɗan kuɗi kaɗan ake bari ya yi ciniki kamar attajiri, riba ta ninka, asara ma ta ninka. Akwai Leerverkauf, sayar da abin da ba ka da shi, da fatan farashinsa ya faɗi ka sayo da araha ka mayar. Da na rubuta shi da Hausa na daɗe ina kallonsa, don na san abin da limamin unguwarmu zai ce. Akwai kuma wata doguwa, Nachschusspflicht, wadda ke nufin idan asara ta wuce abin da ka zuba, dole ka ƙaro daga aljihunka.

A kan wannan ta ukun na fara jin muryar Birgit, Bajamushiyar da ke duba aikina. Ba mu taɓa ganin juna ba. Ta kira ni ta ce fassarar daidai ce, amma a ƙasarsu an hana ɗora wa ƙananan masu ciniki wannan sharaɗi, kuma dole gargaɗin cewa yawancin masu shiga asara suke yi ya fito a fili, ba a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe ba. Na kai wa Mista Sami maganar. Ya kaɗa yatsu ya ce, "Shwaiya shwaiya, habibi, a bi a hankali. Kai dai ci gaba da kalmomi." Na ci gaba.

Ɗabi'a ta biyu da na taho da ita daga rediyo ita ce ban yarda da rubutu ba sai na ji shi da kunne. Lokacin cin abincin rana, idan ofis ya watse, nakan shiga ɗakin taro in ɗauki bayanan Hausar a wayata, in saurara, in gyara. Ina yi ne yadda baki ya saba. Da farko sallama da suna da kan magana, don kada faifai ya ɓace a cikin 'yan'uwansa. Sannan bayan kowace jimla in yi shiru na daƙiƙa biyu. Wannan shirun ba ado ba ne. Mai karatu yana barinsa ne don mai haɗa shiri ya sami wurin yankewa idan lokaci ya ƙure, ya cire jimla ba tare da an ji tabo ba. Shekara da shekaru ina bar wa Bashari wannan shirun kowace safiya.

A mako na uku ya turo ƙofa ya same ni ina yi. Ya tsaya ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Oga, wannan wayar taka ai cin mutunci ce ga muryar nan. Kamar daga cikin randa kake magana."

"Ba watsawa za a yi ba, Bashari. Kunnena kawai nake yi wa."

"Ko don kunnenka ne. Ni dai nawa ba zai ɗauka ba, wallahi. Gobe ka jira ni."

Washegari ya zo da makirufo mai kyau da kwamfutarsa. Ya ja labule, ya kashe na'urar sanyi saboda ƙararta, ya ɗaga yatsu uku yana saukewa ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni. Ban san lokacin da idanuna suka ciko da ƙwalla ba. Tun da na zo, wannan ne karon farko da na ji ina wurin da aka san ni. Daga nan kullum muka riƙa yi, minti ashirin ko talatin. Wani lokaci ya ce in sake jimla, wai an ji numfashina. Wani lokaci ya ce, "Ɗan sa mata rai, Oga, kamar ranar da dala ta faɗi." In yi dariya in sake. Faya-fayan suna cikin kwamfutarsa. Idan ina son ji, sai ya miƙo mini abin kunne. Wajen ƙarshen Afrilu Birgit ta daina amsa saƙonnina. Na tambayi Bashari, ya ce hutu ta tafi, in ci gaba da tarawa kafin ta dawo.

Ranar Juma'a rabin yini muke aiki. Bayan an sauko daga masallaci nakan gangara bakin ruwa in shiga abra, ƙaramin jirgin katakon da ke haye da mutane zuwa Deira, in taka zuwa Al Sabkha. A can Hausawa suke: masu sayen waya, masu turare, masu mayafai, kowa da kwalayensa da tef a hannu. Akwai wani ofishin kago, inda ake aika kaya gida, a hawa na farko na wani tsohon gini, inda ake taruwa a ci tuwon da wata mata 'yar Gusau ke aikowa a kula. Babba a wurin shi ne Alhaji Ilu, dattijo mai sayen mayafai da abaya yana aikawa Kantin Kwari. Ranar da na fara zuwa, sallamata kawai ya ji daga bayan kwalaye ya ce, "Wannan ko mai farashi ne ko aljaninsa." Tun daga ranar ba a bari in sa hannu a aljihu a wurin.

Wata Juma'a a watan Yuni, zafi ya kai ga ko iskar ruwa ƙona fuska take yi, na hau matakala na yi sallama. Mutum bakwai ko takwas ne a ciki. Alhaji Ilu ya nuna ni da cokali.

"Ga mai ɓoyon nan ya iso. Malam Tukur, ashe abin arziki ka samu kake ci kai kaɗai, mu sai a waya za mu ji?"

"Wane abu, Alhaji?"

"Ji shi fa, kamar gaske. Sa'idu, kunna masa."

Sa'idu ƙanin matar Alhaji ne, mai sayen kayan gyaran waya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ba mai yawan magana ba. Ya ajiye wayarsa a kan kwali ya danna. Aka fara da ɗan kiɗa mai taushi. Sai na ji sallamata, na ji sunana. Sai na ji kaina ina cewa, a nutse, da muryar ƙarfe bakwai na safe:

"Da dala ɗari a hannunka, za ka iya yin ciniki kamar mai dala dubu goma. Idan farashi ya hau kaɗan, ribarka ta ninka sau ɗari. Ba sai ka mallaki zinare ba kafin ka sayar da shi. Ko kasuwa ta hau ko ta sauka, akwai hanyar samu."

Sai wata murya daban ta faɗi sunan kamfanin da lambar da za a kira. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Na san kowace jimla, na san ranar da na faɗe ta, na kuma san wadda ke bin bayanta. Bayan "ribarka ta ninka sau ɗari" na ce, idan ya sauka kaɗan, kuɗinka sun tafi gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Bayan maganar zinare na ce, malamai da yawa ba su yarda da irin wannan ciniki ba. Bayan ta ƙarshe na ce, yawancin masu shiga asara suke yi. Duk an cire. Na sa Sa'idu ya sake kunnawa, na kasa kunne ina neman tabo, inda numfashi ya tsinke ko sauti ya yi tsalle. Babu. Aiki ne mai tsafta, kuma mutum ɗaya na sani mai irin wannan hannun.

"Tun yaushe wannan yake yawo?" na tambaya.

"Ya fi wata guda," in ji Sa'idu. "Ni ma daga Kano aka turo mini, a guruf ɗin 'yan layinmu."

"Ka zuba?"

Ya kalli Alhaji Ilu, ya sunkuyar da kai. "Kuɗin kayan wannan zuwan na sa. Jiya suka ce in ƙaro, wai abin ya juya."

Alhaji ya ajiye cokali. Na ce musu kada kowa ya ƙara ko sisi, kuma ni ban yi wa kowa talla ba. Wani daga baya ya ce, "To muryar wace ce?" Na ce tawa ce. Ya ce, "To." Ban ci tuwon ba.

Asabar da Lahadi Bashari bai ɗaga waya ba. Litinin da safe na same shi a ɗakin shan shayi na ofis yana juya sukari a kofi.

"Na ji aikinka a Al Sabkha," na ce.

Bai tsaya musu ba. "Ya fita ko? Ka ji yadda kiɗan ya kwanta a ƙarƙashi?"

"Ka yanke rabin maganata."

"Oga, shekara nawa ina yanke rabin maganarka? Ka taɓa cewa uffan? Faɗa mini kalma ɗaya a ciki da ba daga bakinka ta fito ba. Ɗaya tak."

"Ka san sharaɗin tashar a kan talla."

"Tashar!" Ya yi dariya har shayin ya ɗan zube. "Tashar da ta bar ka kana hawa adaidaita zuwa aiki? Mutane na miƙewa tsaye don muryarka, kai kuma kana komawa gidan haya. Ni na san darajar abin da Allah ya ba ka, kai ba ka sani ba. Da na gaya maka ai ba za ka yarda ba."

"Shi ya sa ba ka gaya mini ba."

"Shi ya sa. Khalas, an yi an gama. Mista Sami yana son a yi na biyu, wannan karon da saninka, da rabonka. Ka shiga ku daidaita."

"Sa'idu, ƙanin matar Alhaji Ilu, ya zuba jarinsa."

Cokalin ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci. "Ni na ce ya zuba? Babba ne, da hankalinsa."

Na tambaye shi abin da ya hana ni sukuni kwana biyu: ko tun ranar da ya kira ni a Kano wannan ne nufinsa. Ya kurɓi shayi, ya ce da farko da gaske ake son Jamusancin. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, kuma har yau ban sani ba.

Na shiga wurin Mista Sami na nemi a janye faifan, a kuma ba ni cikakkun na asali. Ya jawo aljihun tebur ya ciro takardar da na sa wa hannu, ya buɗe shafi na takwas, ya juyo mini da ita. Duk abin da ma'aikaci ya samar a harabar kamfani, rubutu ne ko hoto ko sauti, mallakin kamfani ne, yana da ikon gyara shi da amfani da shi yadda ya ga dama. Turanci ne mai sauƙi. Wata huɗu na yi ina tantance wa Jamusawan da ban sani ba kowane sharaɗi don kada a cuce su, kuma ranar ce na fara karanta nawa.

Na tambaye shi yaushe za a buɗe shafin Jamus. Ya ce an dakatar tun Afrilu, dokokinsu sun yi yawa. Na ce to me nake fassarawa duk tsawon wata biyun nan? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba wanda ya ce in daina.

Na ajiye aiki a ranar. Aka karɓi kwamfutar ofis, aka ce za a soke bizata, ina da 'yan makonni in bar ƙasar. Na rubuta wa Birgit a adireshinta na kanta. Ta amsa cewa ba hutu ta tafi ba, sallamarta aka yi, kuma ta ɗauka an gaya mini. Ba tare da na roƙa ba ta haɗo da wasiƙa mai shafi ɗaya tana shaida ingancin aikina, ta ce wataƙila wata rana ta yi mini amfani. Na kuma je wurin wani lauya a Bur Dubai. Ya karanta shafi na takwas sau biyu, ya ce ana iya shiga kotu, sai dai shari'ar za ta ci lokacin da ba ni da shi. Abin da ya rage a hannuna shi ne littafin rubutuna, mai Hausar nan a tsakiya.

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji Ilu ya tara mutane a ofishin kagon, har wasu na tsaye a matakala. Ya buga kwali da tafin hannu ya ce, "Ku yi shiru, mai farashi zai karanta muku cikakkiyar." Na buɗe littafin na karanta bayanan gaba ɗaya, jimlar da suka ji da wadda aka cire, ina nuna wa na kusa da yatsa a takarda. Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Donc, rabin magana aka sayar mana ke nan." Wani ya ce shi dama bai yarda ba tun farko, aka yi masa ca, aka ce shi ya fi kowa turawa.

Sa'idu ya jira sai da aka watse. Ya zo ya tsaya kusa da ni yana naɗe tef a yatsa. Abin da ya zuba ya riga ya tafi tun Talata, kuma zai koma Kano ba ko kwali ɗaya.

"Malam, ni ban san kamfanin nan ba," ya ce. "Ban san mene ne cinikin zinare a waya ba. Kai na sani. Tun kafin in yi aure nake jin ka. Ba ka taɓa cewa masara kaza ce ba aka je aka tarar ba haka ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya sauka matakala. Bai ce ya yafe ba, kuma na lura.

A nan kan kwalaye na ɗauki bayani a wayata, na faɗi abin da ya faru tun daga farko. Ya kai minti shida. Alhaji Ilu ya kira waɗanda ba su yi nisa ba, ya tsaya a kansu har kowa ya tura wa duk guruf ɗin da yake ciki. Sannan ya sa aka zuba mini tuwo, ya zauna a bakin ƙofa ya ce ba inda za ni sai na cinye.

Bayanin bai yi nisa ba. Mutane sukan ji sallamata da sunan kamfanin su kashe, a zatonsu tallar ce dai aka sake turowa. Yayata ta kira ni daga Kano ta ce wata maƙwabciyarta ta shigo yi mata murna, wai ƙaninta ya yi talla ta biyu, har ta fi ta farko tsawo. Bashari kuwa saƙo ɗaya ya aiko: "Oga, ka yi haƙuri idan ranka ya ɓaci. Tayin yana nan." Ban amsa ba.

Kiran tashar ya same ni a cikin abra, a tsakiyar ruwa, ina toshe kunne ɗaya saboda ƙarar inji. Shugaban sashen labarai ne.

"Tukur, mutum uku sun zo ƙofar tasha jiya suna nemanka da suna. Ɗaya har yana kunna wa masu gadi wayarsa."

Na fara yi masa bayani, ya katse ni.

"Na ji na minti shidan. Har ƙarshe na ji, kuma na yarda da kai. Na san hannun Bashari kamar yadda ka sani. Amma gaya mini, idan ka zauna gobe ka ce buhun gero kaza ne, wa zai ɗauka?"

Na ce a ba ni minti biyar a iska in yi bayani da kaina. Ya ce ya kai maganar sama, an ce tashar ba za ta sa sunanta a cikin rigimar ba. Sannan ya ce in dawo lafiya, za a san yadda za a yi da ni.

Na koma Kano a tsakiyar Yuli. Tashar ta mayar da ni aiki a teburin fassara, inda nake rubuta labaran da wasu ke karantawa, kuma tun daga lokacin ba a sake sa ni a iska ba.